Masu Likimo a Gidan Bolin



Yau sharhin namu zai ƙetare teku ya leƙa Amurka, don mu duba wani irin coge da ba kasafai ake jin labarinsa ba. Cogen da muka saba ji a fagen wasa shi ne mutum ya ƙara wa kansa ƙarfin da ba nasa ba, ko dai ya sha ƙwaya ko ya saye alƙalin wasa. Na yau kuwa a juye yake. Gwani ne zai shafe watanni yana nuna wa duniya cewa shi ɗan koyo ne, yana zubar da maki da gangan, sai ranar da aka ajiye kuɗi a gaba ya miƙe ya kwashe.

Wasan shi ne bolin. Wanda ya taɓa shiga wasu wuraren shaƙatawa na Abuja ko Legas wataƙila ya gan shi, amma a wurinmu nishaɗi ne na 'yan sa'o'i. A Amurka kuwa al'ada ce mai ƙungiyoyi da dokoki da kuɗi. Ana jera sanduna 10 masu siffar kwalba a ƙarshen wani dogon daɓe mai santsi, tazarar ƙafa 60 daga layin da mai jifa ba ya ƙetarewa zuwa sanda ta farko. Sai mutum ya mirgina ƙwallo mai nauyi, wanda doka ta ce kada ya wuce laba 16, wato kilo 7 da 'yan kai. Kowane wasa zagaye 10 ne, kowane zagaye jifa biyu, sai na ƙarshe da kan kai uku. In ka kwashe sandunan duka a jifa ɗaya, mu kira shi shara, za a ba ka maki 10 haɗe da abin da ka samu a jifa biyu na gaba. In sai a jifa na biyu ka ƙarasa su, mu kira shi ciko, maki 10 ne da abin da jifa ɗaya na gaba ya kawo. Wanda ya yi shara 12 a jere ya kai ƙololuwa, maki 300.

To, a ina cutar take shigowa? Daga wata dabara ce da aka ƙirƙira da kyakkyawar niyya. Yawancin masu wasan nan ba 'yan kasuwar wasa ba ne. Ma'aikatan kamfani ne, malaman makaranta, direbobi, tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ke haɗuwa dare ɗaya a mako su yi wasa uku a ƙarƙashin abin da suke kira lig. A cikinsu akwai mai samun 130, akwai mai samun 210. In aka bar su gaba da gaba, ƙaramin ba zai taɓa ci ba, kuma mako uku ya isa ya daina zuwa. Don haka aka kawo tallafin maki, wanda suke kira handikaf. Mutanen Katsina da Kano da Kaduna da ke bin wasan folo sun san kalmar, domin a can ma kowane mahayi yana da lambarsa, daga ƙasa da sifiri da biyu har zuwa 10, kuma ƙungiyar da jimillar lambarta ta gaza akan ba ta ƙwallaye tun kafin a fara.

A bolin lissafin haka yake. Ana tara duk makin da mutum ya samu a lig a raba da yawan wasannin da ya yi, abin da ya fito shi ne matsakaicinsa. Sai masu gasa su tsayar da wata lamba a sama, misali 220, su ce kowa za a ba shi kashi 90 cikin 100 na tazarar da ke tsakaninsa da ita. Ku riƙe lissafin nan da kyau, don a cikinsa maganar take. Mai matsakaicin 200 tazararsa 20 ce, tallafinsa 18 a kowane wasa. Mai matsakaicin 170 tazararsa 50, tallafinsa 45. In kowannensu ya yi wasansa na kullum sau uku, na farko zai tashi da 600 da ƙarin 54, wato 654. Na biyu zai tashi da 510 da ƙarin 135, wato 645. Kun ga tazarar 90 ta koma 9. Ranar da ƙaramin ya tashi da sa'a zai iya doke babban, kowa ya koma gida yana jin bai yi asarar darensa ba.

Yanzu ku kawo mutum na uku. Hannunsa na mai 200 ne, amma takardarsa ta ce 170. Ranar gasa zai jefa 600 ɗinsa na gaskiya, a kuma ɗora masa 135 na ƙarya, ya tashi da 735. Ya wuce takwaransa mai gaskiya da maki 81, ya wuce wanda yake kwaikwayo da 90, alhali bai yi wani abin a zo a gani ba, wasansa na yau da kullum kawai ya yi. Turawa suna kiran wannan sanbagin, daga kalmarsu ta buhun yashi, irin ɗan ƙaramin buhun da 'yan fashin da can suke ɓoyewa su maka wa mutum ta baya. Mu kuwa muna da kalmar da ta fi dacewa da shi: likimo. Kwanciyar da ba barci ba ce, jiran lokaci ne.

Abin da ya sa likimon nan yake da wuyar kamawa shi ne arharsa. Ba sai ka jefa ƙwallo cikin kwata kowa ya yi maka dariya ba. Kuskure ciko ɗaya kawai yana cin maki kusan 10. Ka kayar da tara, saura sanda ɗaya a lungun dama, wadda suke kira lamba 10, wadda dama ita ce ke ba masu jifa da hannun dama ciwon kai. Ka kauce mata da faɗin yatsa, ka kama ƙugu, ka girgiza kai, abokan wasa su ce ayya. Ka yi haka sau uku a wasa, 200 ta koma 170. Kuma gwanin likimo ba ya cutar da ƙungiyarsa, don kada su tsane shi. Yana jira sai ya ga nasara ta tabbata, ko kuma an riga an sha kashi babu fansa, sannan ya fara zubarwa a zagayen ƙarshe. Wa zai rantse cewa da gangan ne? Kuskuren gaske da na ganganci kamarsu ɗaya a ido, kamarsu ɗaya a allon maki.

Akwai ma waɗanda ba sa wahalar da kansu da kakar wasa guda, wadda takan wuce mako 30. Dokar da aka daɗe ana bi ta ce matsakaicin da za a shiga gasa da shi sai ya ginu a kan wasa 21 aƙalla. Mako bakwai ke nan. Sai mutum ya shiga wata lig a wani gari inda ba a san shi ba, ya yi makonninsa bakwai cikin lalaci, lamba ta shiga littafi, ya ɓace. Wani kuma zai ajiye ƙwallayensa masu tsada, masu lanƙwasa su shiga tsakanin sanduna, ya ɗauko na roba mai tafiya miƙe ya yi lig da shi. Babu dokar da ta hana mutum jifa da ƙwallon da ya ga dama muddin ya cika ƙa'ida.

Sai kuma batun mai, wanda a ganina shi ne mafi ban sha'awa, domin a nan mutum zai iya cin riba ba tare da ya kuskure ko sanda ɗaya da gangan ba. Daɓen da ake mirgina ƙwallo a kai ana shafa masa mai, kusan kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Ido ba ya ganinsa, amma shi ne ke mulkin wasan. Yawancin gidajen bolin suna zuba mai da yawa a tsakiya su bar gefe a bushe, ta yadda ƙwallon da ya kauce waje zai kama busasshen wuri ya lanƙwaso ciki, wanda ya kauce ciki kuma ya zame ya riƙe hanyarsa. Mai gida yana son abokan ciniki su ci maki su dawo gobe. Amma akwai wani salon shafa mai da ake daidaita shi kusan ko'ina, irin wanda ƙwararru ke wasa a kai, inda kuskure kaɗan ke jawo hukunci. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, matsakaicinsa zai iya faɗuwa da maki 20 ko fiye a kan wannan salon. To, in ya kafa lambarsa a wuri mai wuya, ya ɗauke ta ya kai gasar da ake yi a wuri mai sauƙi fa? Bai yi ƙarya ba, amma mudun da aka auna shi da shi ba shi ne mudun da aka auna sauran ba.

Hukumar da ke kula da wasan a can ita ce USBC, mai hedikwata a Arlington ta jihar Texas. An kafa ta a 2005, lokacin da aka haɗe tsofaffin ƙungiyoyi wuri ɗaya, ciki har da ta maza da aka kafa tun 1895 da ta mata ta 1916. Littafin dokokinta bai yi shiru a kan likimo ba. Doka ta 17 ta lissafa shi cikin haramtattun dabaru: ba da lambar ƙarya laifi ne, kafa matsakaici ƙasa da iyawarka don samun fifiko shi ma laifi ne, kuma hukuncin zai iya kai wa ga dakatar da mutum daga zama memba. A takarda abin ya yi kyau. Amma wa zai kawo ƙara? Sakataren lig, wanda aikin sa-kai yake yi, wanda wataƙila maƙwabcin mai laifin ne, ko abokin aikinsa? Kuma da wace hujja? Zuciyar mutum birninsa. Dokar da ta dogara ga sanin niyya takan kama wawa ne kawai, wanda ya buɗe baki ya yi alfahari da abin da ya aikata.

Shi ya sa ni dai na fi ganin amfanin wata doka dabam, ta 319, wadda ba ruwanta da niyyar kowa. Lissafi kawai take yi. Ta ce in kana wasa a lig fiye da ɗaya, matsakaicinka mafi girma za ka kawo, ba wanda ka zaɓa ba. Ta ce in lambarka ta bana ta ɗara ta bara da maki 10 ko fiye, ta bana za a ɗauka. Ta ɗora wa ɗan wasa alhakin tabbatar da cewa lambar da aka rubuta masa daidai ce, ko da wani ne ya cike masa takardar, kuma in aka gano ta yi ƙasa har ta ƙara masa tallafi, an soke makinsa, kyautar ta tafi. Ta kuma wajabta wa wanda ya ci kyauta mai tsoka a watanni 12 da suka wuce ya faɗa kafin ya fara jifa. Ga masu kafa lamba a kan mai mai wuya, hukumar ta fitar da jadawalin da ke ɗaga irin wannan matsakaicin zuwa kwatankwacinsa na gidajen gama-gari. Har hannu ma an raba: mai jifa da dama ba zai je ya kafa lamba da hagu ya zo ya yi gasa da dama ba.

Amma sashen da ya fi burge ni shi ne wanda ke bin mutum zuwa inda ba zai iya ɓoyewa ba. Mai likimo dole ya farka ranar gasa, in ba haka ba wahalar banza ya yi. To, dokar ta ce in makin da ka samu a gasa cikin watanni 12, a wasa 21 ko fiye, ya ɗara lambarka ta lig da 15, sai a ajiye ta lig a auna ka da ta gasa. Wannan ita ce dabarar da ta dace da ciwon. Ba a tambaye ka me ya sa ka kuskure sanda a watan Nuwamba ba. An dai ga abin da hannunka yake yi in akwai kuɗi, an ce to, wannan shi ne kai. Matsalar ɗaya ce, kuma babba ce: ɗan wasan ne aka ce ya riƙe lissafin gasannin da ya shiga ya kawo da kansa. An ba kura ajiyar nama. A zamanin da kowane gidan bolin kwamfuta ce ke ƙirga masa maki, kuma ana iya duba matsakaicin memba a shafin BOWL.com, ban ga dalilin da zai sa makin kowace gasa ba zai riƙa shiga rumbu ɗaya kai tsaye ba.

Akwai kuma ikon da aka ba shugaban gasa na ya ɗaga wa mutum lamba kafin ya fara wasa in ya ga ba ta yi kama da shi ba. In mutumin ya ƙi, a mayar masa da kuɗin shigarsa ya kama gabansa. Makami ne mai kaifi, sai dai yana bukatar mai riƙe shi ya kasance da ƙashin baya. Shugaban gasa yana son mutane da yawa su shiga, kuma masu likimon nan su ne ke zuba kuɗi a 'yan ƙananan kason gefe, inda mutum takwas kan haɗa dala biyar-biyar a yi ta fitar da juna. Korar irin wannan abokin ciniki ba ta da daɗi. Amma shugaban da ya ji kunyarsa bana, baɗi zai ga masu 150 da 160 na gaskiya sun ƙi dawowa, domin ba wanda ke son ya biya kuɗin mota da na masauki don ya je ya yi wa wani rakiya.

Bari in ɗan ratse zuwa wasan golf, don su sun kama bakin zaren ta wani gefe. Tun 2020 suna bin tsari ɗaya a duniya, kuma ba sa tara duk makin mutum su raba. Cikin wasanninsa 20 na baya-bayan nan, takwas mafi kyau kaɗai ake ɗauka. Wato ana auna abin da mutum zai iya ne, ba abin da ya saba nunawa ba. In ka lalata wasa goma da gangan, ba su shiga lissafi ba, kai ka sha rana. Sun kuma sa iyaka ga yadda lambar mutum za ta iya lalacewa cikin shekara ɗaya. Masu wasan dara irin ta Turawa a Amurka su ma suna da wani dandamali da darajar ɗan wasa ba ta faɗuwa ƙasa da shi, komai yawan kayen da ya sha. Bolin kuwa har yanzu kowane wasa da nauyinsa ɗaya a cikin matsakaici, na gaske da na wasa da hankali. Muddin haka ne, kowace sanda da aka bari a tsaye ajiya ce a banki.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Ina makomar yaron da ya fara da 140, ya samu mai koyarwa, ya sayi ƙwallon da aka huda daidai yatsunsa, cikin wata shida ya kai 175? Ina makomar wanda ya yi jinyar kafaɗa bara, lambarsa ta faɗi, bana ya warke? Duk tsauraran dokokin nan su ma za su taɓa su, har ma a riƙa yi musu kallon ɓarayi. Wannan zalunci ne in ya zo da zargi. Amma in babu zargi, ɗaga lambar wanda ya ƙware ba hukunci ba ne, faɗin gaskiya ne. An ƙirƙiri tallafin don wanda yake da rauni yau, ba wanda ya taɓa yin rauni ba. Asarar da mai gaskiya zai yi 'yan maki ne na ɗan lokaci. Asarar da ake yi in an bar ƙofa a buɗe ta kowa ce.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, adalcin tallafin da ribar mai likimo tare suke hawa. Masu son a kyautata wa masu rauni suna cewa a ba da kashi 100 cikin 100, don a daidaita kowa sosai. Da kyau. Amma a kashi 100, kowane maki ɗaya da aka zubar a lig yana dawowa cif a gasa. A kashi 80, maki 30 da aka ɓoye 24 za su haifa. Ka rage kason, ka rage wa ɓarawo riba, amma ka danne ƙaramin ɗan wasa na gaskiya. Raba mutane aji-aji ba tare da tallafi ba, kamar yadda ake yi a babbar gasar hukumar ta shekara-shekara, wadda ta samo asali tun 1901 a Chicago, shi ma bai kashe matsalar ba. Ya dai mayar da ita bakin iyaka, inda maki ɗaya ke raba mutum da ajin da zai zama zakara a ciki. Mu nan ba baƙin wannan ba ne. Mun san abin da ya sa FIFA ta kawo na'urar duba ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, mun kuma tuna 'yan wasanmu 26 da suka faɗi wannan gwajin a 2016. Babba ne ke durƙusawa don ya shiga layin yara. Bambancin kawai, shekaru suna bar wa ƙashi alama, iyawa kuwa babu na'urar da ke haska ta.

Kuma wasan ba shi da mutanen da zai yi wasa da su haka. Wani malamin jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya ja hankalin duniya a 1995 da ya nuna cewa tsakanin 1980 da 1993 yawan masu bolin a Amurka ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, amma masu yinsa cikin lig sun ragu da kashi 40. Dalilan raguwar suna da yawa, ba zan ɗora wa masu likimo duka ba. Sai dai lig da ta ragu zuwa ƙungiya takwas ba za ta jure abin da lig mai ƙungiya talatin ta jure ba. Kowa ya san kowa. Kowa ya san wane ne ke samun 165 ranar Talata, ya je wani gari ranar Asabar ya jefa 680 a wasa uku, ya dawo Talata mai zuwa yana ƙorafin ciwon gwiwa. Mutane ba sa kai ƙara, ba sa ma yin faɗa. Idan kaka ta ƙare sakatare ya zagaya da takardar rajistar baɗi, sai dattijon nan mai 150, wanda bai taɓa fashin biyan kuɗin mako ba, ya ce a ba shi lokaci zai yi shawara da iyali.